Jinyar Yaya Lawan da Igamar Aro

Abin da na fara koya a Makka shi ne wankin tukunyar da mutum zai iya shiga cikinta ya zauna. Ejan ɗin da ya yi mini hanya daga Kano ya rantse mini girki zan yi, har yana zuga ni wai hannun matan Gwarzo a miya ba shi da na biyu. Da na iso kicin ɗin kamfanin da ke dafa wa alhazai abinci a Aziziyya, sai aka miƙo mini soson ƙarfe da takalmin roba. Ni Rabi, da na yi shekaru ina sayar da tuwo a bakin tasha, aka ce ko albasa ban isa in yanka ba. Na yi kuka, na zagi ejan a zuciyata har na gaji, sannan na naɗe hannun riga na shiga tukunya.

Watannin farko ban san zaune ba ban san tsaye ba. In na ji wani ya yi Hausa a titi sai in waiga kamar an kira sunana. Wata 'yar Indunusiya da muke ɗaki ɗaya, ba ta jin yarena ba na jin nata, ita ce ta riƙa shafa mini man zafi a kafaɗa in mun tashi aiki. Har yau ban iya faɗin sunanta daidai ba, amma ina yi mata addu'a.

Abin da ya riƙe ni a garin shi ne Yaya Lawan. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, birkila, ya riga ni zuwa da shekaru masu yawa. Sun saɓa da kafilinsa, wato Balaraben da ya ɗauko shi aiki da sunansa, mutumin ya je ya kai rahoto cewa ya gudu. Tun daga ranar igamarsa ta mutu. Igama ita ce katin zama. In ba ka da ita a ƙasar nan ba ka da asibiti, ba ka da layin waya da sunanka, kuma duk motar askarawa, wato 'yan sandan garin, da ka hango sai ka nemi lungun ɓuya.

A unguwar Hindawiyya yake zaune, can cikin lungu, a ɗaki ɗaya da mutum biyu. Akwai Isufu, mutumin Maraɗi, gajere mai tsage a kumatu, da Garba, Basakkwace mai surutun tsiya. Duk ranar Juma'a in an ba mu hutu nakan je in tuƙa musu tuwo da miyar kuka, da daddawar da na ɓoyo a cikin kayana. Isufu da Garba su siɗe kwano, Yaya kuwa ya yi loma biyu ya wanke hannu. Da farko na ɗauka girkina ne bai yi masa ba. Daga baya na lura wandonsa ya yi masa yawa, kuma in ya hawo matakalar gidan sai ya dafa bango ya huta.

Wata Juma'a na ce, "Yaya, zo nan." Na sa ɗan yatsa na ja fatar idonsa ƙasa, yadda Innarmu take yi mana muna yara. Fari fat, kamar auduga.

"Inna lillahi! Yaya, ba ka da jini!"

Ya ture hannuna. "Ke kin cika ɗaga hankali. Gajiya ce. Na je asibiti, sun ce gyambon ciki ne."

"Wane asibiti kuma? Da wace igamar?"

Garba ya fashe da dariya. "Ke dai bari, Rabi, mu munka san garin ga. Da tawa ya je wancan karon. Kafin nan da ta Isufu. Akwai ma wani Bazazzagi a ƙasa da ya ba shi tashi sau ɗaya."

Na dubi Isufu, na dubi Yaya. Yaya dogo ne siriri, fuskarsa sumul. Na ce, "Ku kuna da hankali kuwa? Wannan da tsage, wannan babu!"

Isufu ya ce, "Hajiya Rabi, wa zai duba? In dai baƙi ne, a wurinsu mutum guda ne."

Haka ake yi, ashe. Duk wanda takardarsa ta mutu, in ciwo ya kama shi, 'yan'uwa su ara masa kati ya je ƙaramin asibitin unguwa. Ba a kuma maimaita kati ɗaya a wuri ɗaya, don kada a saba da fuska. Zumunci ne, kuma ban taɓa jin wanda ya nemi a biya shi ba. Ni abin da ya tsorata ni a lokacin kamu ne kawai. Da muka fito zan tafi, Isufu ya rako ni bakin lungu ya rage murya ya ce, "Ba zai gaya miki ba, kunya yake ji. Bayan gidansa baƙi ƙirin yake fita, kamar kwalta. Mun ce basir ne, wanzami ya ba shi jiƙo, bai ji ba."

Ban runtsa da daɗi ba a makon nan. Juma'ar da ta zagayo na ce ƙafata ƙafarsa, sai mun je tare.

Wani asibiti ne a saman shagon sayar da katifa, da katin Isufu muka je. Wallahi na tsaya na zuba wa yaron da ke karɓar kati ido, ina jira ya ɗago. Ya karɓa, ya danna na'urarsa, ya miƙo, idonsa na kan wayarsa. Isufu ya yi gaskiya, kuma gaskiyar ta fi ƙarya ciwo.

Likitan bai tashi daga kujerarsa ba. Ya ce, "Nijeriya?" Yaya ya ce e. Ya yi murmushi ya ce da Larabci, ku mutanen Afirka kun cika cin yaji. Sannan ya tambaya, "Awwal marra?" Wato, wannan ne karo na farko?

Na buɗe baki zan ce a'a, Yaya ya taka mini ƙafa. Ya ce, "Aiwa, awwal marra."

To me zai ce? Katin Isufu bai taɓa zuwa wurin ba. Aka ɗebi jininsa, sakamako ya fito, likitan ya ce jinin ya yi ƙasa amma ba abin tashin hankali ba ne, wai mutanenmu da yawa haka jininsu yake saboda zazzaɓin cizon sauro. Mutumin da ya shekara goma sha bai ga sauron Kano ba! Na haɗa ɗan Larabcin da na tsinta a kicin na ce, "Duktur, shuf, duba idonsa." Ya ce, "Mafi mushkila, ya hajja." Wato babu matsala. Ya rubuta maganin gyambon ciki da ƙwayar ƙarin jini. Ko cikinsa bai taɓa ba.

A kan matakala na tsaya na sauke masa kwandon masifa. Na ce, "Ka zo nan ka yi ƙarya da bakinka, ga ciwo na cin ka!"

Ya zauna a kan matakalar don numfashi ya ƙi masa. Ya ce, "Rabi, in na ce na sha zuwa, zai ce ina, da wane suna. In jefa Isufu a wuta? Mutumin nan 'ya'yansa shida a Maraɗi."

Na zauna kusa da shi, masu sayen katifa suna ratsa mu suna wucewa.

Azumi ya zo, ramarsa ta samu mafaka, kowa ya ce ai azumi ne. Bayan Salla aikinmu ya ninka saboda alhazai sun fara sauka, aka soke mana hutun Juma'a. A daidai wannan lokacin ne kuma askarawa suke tsananta kame, gida-gida, lungu-lungu. Duk marar igama sai ya shige ɗaki ya ja ƙofa har a gama Hajji. Yaya ya daina fita aiki, ya daina zuwa ko asibitin aron. In na kira shi ya ce, "Da sauƙi." In na kira Isufu ya ce, "To, Hajiya, sai dai addu'a." Ina cikin tukunya ina gurza, hankalina yana Hindawiyya. Sau nawa ina fasa kwano Bamisiren da ke shugabantar kicin yana yi mini tsawa, ban ma ji me yake cewa ba.

Ranar Arfa aka kwashe mu zuwa filin, muna raba abinci tanti-tanti. Rana kamar ta sauko ƙasa. Mutane ko'ina sun ɗaga hannu suna kuka suna roƙon Allah, ni ina ɗauke da kwalayen shinkafa. Wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Isufu ne.

"Hajiya, Lawan ya faɗi a banɗaki. Ya yi aman jini. Mun kai shi babban asibiti."

"Yana numfashi?"

"Yana yi. In kin zo, Garba za ki nema, kada ki ce Lawan."

Na ajiye kwalayen a ƙasa na nufi inda nake zaton hanya ce. Ina! Ranar Arfa babu mai fita. Motoci a tsaye, askarawa a kowace kusurwa, kuma takardar aikina ta wurin ce kawai. Na koma na ɗauki kwalayena. A ranar da ake cewa ba a mayar da addu'a, ni bakina ya kasa haɗa komai sai "Ya Allah, Yaya. Ya Allah, Yaya." Haka na yi kwanakin Mina, jikina a wurin, ina kiran Isufu har ya fara kashe waya.

Da aka sallame mu ko wanka ban tsaya yi ba. A asibitin na ce Garba nake nema. Na tarar da shi a kwance, an rataya masa jini, a hannunsa an ɗaura ɗan roba mai ɗauke da sunan Garba. Ya koma kamar tsohon da ya haife mu. Duk gargaɗin Isufu ya fice mini, na faɗa gefen gadon na ce, "Wayyo Yaya Lawan!"

Wata nas tana gyara robar jinin, fuskarta a rufe da ƙyallen asibiti. Ta tsaya cak. Sai na ji ta ce da Hausa, wata irin Hausa mai karkacewa, "Wane ne Lawan?"

Ta ja labule ta rufe mu, ta sauke ƙyallen. Baƙa ce kamar ni. Sunanta Amal, a Makka aka haife ta, 'yar ƙasa ce, kakanta ne ya zo daga Katsina a ƙafa tun zamanin da. Ta ce, "La takhafi, kada ki ji tsoro, khala. Ni ba askar ba ce. Amma ki faɗa mini gaskiya. Tun yaushe shi yana ciwo?"

Na ce, "Ya fi shekara."

Ta dafe kai. Ta ce likita ya duba sunan Garba bai ga wani tarihi ba, mutum lafiyayye, don haka ya ɗauka gyambon ciki ne da ya fashe kwanan nan. Niyyarsa ya ƙara masa jini ya sallame shi. In da ya san jinin ya daɗe yana zuba, da hoton ciki zai tura shi tun ranar farko. Ta ce, "Kowane asibiti ya ga mutum sabo, ciwo sabo. Babu wanda ya ga mutum ɗaya yana ƙarewa."

Yaya ya buɗe ido ya ce, "Kada ku faɗa. Garba zai shiga uku."

Amal ta ce, "Ya ammi, in ba a faɗa ba za ka koma gida ka sake faɗuwa." Sannan ta juyo gare ni ta rage murya. "Kuma in Allah ya yi ikonsa a kan gadon nan, Garba ne ya mutu a takarda. Shi mai rai ya zama gawa, wanki kuma a binne shi da sunan wani."

Ban tsaya jin ƙarshen musunsu ba. Na fita na tari mota sai Hindawiyya. Na samu Isufu da Garba suna shan shayi, na zayyana musu komai a tsaye, ko zama ban yi ba. Na ce, "Ban zo roƙo ba, ban kuma zo faɗa ba. Kun yi masa abin da ɗan'uwa yake yi. Amma katin nan naku shi ya ɓoye shi." Garba ya ajiye kofin ya ce, "Ɗauko takalmanka, Isufu. In an kore mu, gida munka nufa, ba lahira ba."

Su biyun suka tsaya a gaban likita kamar ɗaliban da aka kama, Amal tana fassara. Isufu ya ce zuwa kaza ni ne, a asibiti kaza. Garba ya ce na wata kaza ni ne. Likitan ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Bai yi faɗa ba. Ya ce shi aikinsa magani, amma dole ofis su gyara suna, kuma abin da zai biyo baya ba a hannunsa yake ba. A ranar aka tura Yaya hoto, aka zura masa na'ura ta baki, aka yanki ɗan nama aka kai gwaji. Aka canza robar hannunsa. Ya daɗe yana kallon sunansa a jiki.

Sakamakon ya ɗauki kwanaki, ni kuwa ina zarya tsakanin Aziziyya da asibiti, Bamisire yana barazanar kai ƙarata. Ranar da aka kira mu, likitan ya ce ciwon daji ne, wani iri da ba a cika gani ba, ƙari ne da ke tsirowa a bangon ƙaramin hanji yana tsiyayar da jini a hankali. In an gan shi da wuri, yanke shi ake yi, mutum ya tashi. Na Yaya ya riga ya kai hanta. Akwai ƙwayar da ke danne shi, za su fara ba shi, amma maganar yanka ta wuce.

Na fito na zauna a wurin jira. Wani dattijo Balarabe, fari, da jikarsa a gefe, ya ga ina kuka ya miƙo mini dabino da ruwa. Ya tambayi Amal, da ta biyo ni, me ya same ni, ta gaya masa. Sai fuskarsa ta washe, ya ce in kwantar da hankalina, ai shi ma irin ciwon ke gare shi, sak. Ya ɗaga yatsu yana ƙirga mini shekarun da ya yi da shi. Wai zuwansa na biyu asibiti likita ya dube shi ya ce fuskarka ta yi fari, ya tura shi hoto a take. Aka yanke, yanzu dubawa kawai yake zuwa. Ya ce, "Basiɗa, ya binti, abu ne mai sauƙi."

Mutumin kirki ne, da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma wallahi sai da na ji kamar in watsa masa dabinonsa. Fuskarsa ta yi fari! Ta Yaya fa, wane fari za ta yi? Sai an matso, an sa hannu an duba, kuma babu wanda ya matso.

Na gaya wa Amal haka, na ce duk rashin igama ne ya ja mana. Ta girgiza kai. Ta ce, "Igama rabi ne, khala. Abuya, mahaifina, ɗan ƙasa ne, katinsa nasa ne, Larabcinsa ya fi Hausarsa. Shi ma ciwon ciki ya yi, wani iri daban. Shi ma yaji aka yi ta ce masa har lokaci ya ƙure. Don shi na karanta aikin nan." Ta mayar da ƙyallenta ta koma ciki, ana kiranta.

Sauran ya zo da sauri. Kafilin Garba ya ji labari ya sallame shi, ya riga kowa komawa Sakkwato. Isufu ya sha tambayoyi, Allah ya rufa masa asiri. Yaya kuwa da ya ɗan samu ƙarfin tsayuwa aka haɗa masa takardun tarhil, wato mayarwa gida. Amal ta yi ta shiga ofis-ofis har aka ba shi ƙwayar da za ta kai shi 'yan watanni, da bayanin ciwonsa don likitocin Kano. Ni kwantiragina bai ƙare ba, fasfona yana hannun kamfani. A bakin mota muka rabu. Ya ce, "Ki daina yi wa Bamisiren nan tsiwa, kin ji?" Na ce sai dai shi ya daina. Ya yi dariya, dariyar ta sa shi tari.

Ƙwayar ta riƙe shi har ya ga damina a Gwarzo, ya aiko mini da hotonsa a gonar gidanmu yana riƙe da zangarniyar gero. Da ta ƙare aka shiga nema, yau a samu a Kano gobe a ce babu. Kafin wani azumin ya zagayo ya rasu, a ɗakin Inna, da hantsi.

Ina bayan kicin a tsugune na kira Inna bayan an yi sadakar uku. Muryarta ta dushe, amma a natse take. Ta ce mutane sun yi ta zuwa gaisuwa, har daga ƙauyuka, kowa maganarsa ɗaya: tunda ciwo ya gagari likitocin Makka, ai babu mai iya masa sai Allah. Ta ce wannan maganar ce take sa ta iya barci.

Sai ta ce, "Haka ne ko, Rabi? Ke kina wurin. Sun yi iya ƙoƙarinsu ko?"

Na tuna dattijon nan da jikarsa, yana ɗaga mini yatsu. Na cusa bakin mayafina a baki na cije har haƙorana suka yi zafi.

Na ce, "Haka ne, Inna. Ya gagare su."

Ta ce, "To alhamdu lillahi," ta kashe wayar.

Bai gagare su ba. Ba su duba ba ne.